Sandar Gem ɗin Kaka

Akwai wata yarinya 'yar aji shida da ake kira Injiniya. Ba wai ta karanci aikin ba ne. Ita dai ba ta ganin abu mai noti ta bar shi ya zauna lafiya. Ta kwance tocila, ta kwance fanka, ta kwance agogon falo. Agogon nan har yau bai yafe mata ba, kullum a makare yake.

A shekarar nan kowa a gidansu a gajiye yake. Kakanta, wato mahaifin babanta, ya yi ciwon shanyewar ɓarin jiki. Ƙafarsa ta warware, amma hannunsa na hagu ya yi nauyi. Likita ta ce lallai ya riƙa motsa hannun kullum. In ya daina, hannun zai sandare.

An ba Kaka ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ya dubi ƙwallon, ya ce shi ba jariri ba ne. Mama ta yi lallashi har bakinta ya gaji.

Baba mai gyaran talabijin ne. Wata rana ya dawo daga shago da wani baƙin akwati mai faɗi. A gefen hagu akwai sanda a tsaye, mai ƙaton kai na katako. A gefen dama akwai manyan maɓallai. Ya haɗa akwatin da na'urar gem, wato ta wasan talabijin, ya kunna wasan tseren mota.

Kaka tsohon direban babbar mota ne. Ya ɗora hannunsa mai ciwo a kan sandar, ya ɗan tura. Motar cikin talabijin ta juya.

"Kai!" in ji Kaka. "Wannan ai kamar giyar motata ce."

Daga ranar, kullum da yamma Kaka yana gaban talabijin. Yana tuƙi yana yi wa sauran motocin faɗa. Mama ta samu ta huta da lallashi.

Injiniya ma tana wasan, amma sandar tana ba ta haushi. Ta cika laushi. Da ka taɓa ta kaɗan sai ta kwanta gefe. Motar Injiniya kullum a jikin bango take ƙarewa.

Wata rana ƙawarta ta zo suka yi wasa. Ƙawar ta girgiza sandar, ta kwashe da dariya.

"Sandarku ta mutu," in ji ta. "Sifirin ɗin ciki ne ya saki. Yayana yana da wata da ta fashe. Zan ciro miki nata, mai ƙarfi ne."

Kashegari ta kawo shi makaranta a cikin leda, wata murɗaɗɗiyar wayar ƙarfe mai lotsewa ta dawo. Kauri gare shi, yana ta ƙyalli.

Ranar Asabar da safe Baba ya tafi shago. Mama ta raka Kaka asibiti. Injiniya ta ɗauko sukundireba, ta kifa akwatin a kan tebur. Ta kwance murfin ƙasa. A gindin sandar akwai wani ɗan ƙarfe mai kama da rabin zobe. Ta ɓamɓare shi, ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin kujera. Sai da ta yi rarrafe ta nemo shi.

Ta zaro tsohon sifirin. Siriri ne, duk ya dushe.

"Shi ya sa!" ta ce. Ta jefa shi a kwandon shara.

Ta sa sabon, ta mayar da komai yadda yake. Ta kunna wasa. Yanzu sandar tana tsaye cak. In ta tura ta saki, sai ta dawo tsakiya da sauri. A karon farko Injiniya ta zo ta ɗaya. Ta tashi ta taka rawa ita kaɗai a falo.

Abin da ba ta sani ba shi ne, laushin nan ba lalacewa ba ne. Baba ne ya yi shi da gangan, domin hannun Kaka ya iya turawa.

Da yamma Kaka ya zauna a kujerarsa. Ya sha layi a asibiti, amma bai fasa ba.

"Injiniya, kunna mini motata."

Ta kunna, ta tsaya a bayansa tana murmushi. Tana jiran a yaba mata.

Kaka ya tura sandar. Ba ta motsa ba. Ya sake turawa. Yatsunsa suka zame daga kan katakon. Motar ta wuce kai tsaye ta daki bango.

"Yau giyar ta ƙi shiga," ya ce, yana 'yar dariya.

Ya cije leɓe, ya tura da dukkan ƙarfinsa. Hannun ya kama rawa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Sandar ta ɗan karkata, ta koma tsakiya. Sai dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

Ya daɗe yana kallon hannunsa.

"Ba laifin sanda ba ne," ya ce a hankali. "Hannun ne ya koma baya. Kashe abin nan, 'yar nan. Na gaji."

Injiniya ta matso kusa da shi. Ta buɗe baki za ta yi magana. Sai ta tuna fuskar Baba ranar da ta kwance agogo. Ta rufe bakinta, ta kashe talabijin.

Kashegari Kaka bai yi wasa ba. Haka ma ranar da ta biyo baya. Ya koma zama a ɗaki, hannun yana cikin aljihu. Ko tsokanar Injiniya ya daina.

"Kaka, don Allah ka gwada ko kaɗan ne," in ji Mama.

"Na gwada, 'yata. Me ya rage? Ku bar wahalar da kanku a kaina."

Mama ta fito ta zauna a bakin ƙofa. Da Baba ya dawo, ta gaya masa. Baba ya ajiye jakar aikinsa, ya yi ajiyar zuciya.

"To, sai mu sake komawa asibiti," ya ce.

"Wallahi ƙafafuna sun san kowane benci na asibitin nan," in ji Mama. "Ina murna an samu sauƙi, ashe da saura."

Injiniya tana ji. Wasan da ta ci ma ta daina sha'awarsa. Ko kallon baƙin akwatin ba ta son yi.

A makaranta, malamar kimiyya ta lura da ita. Da aka fita tara, ta kira ta.

"Injiniya, yau ko tambaya ɗaya ba ki yi mini ba. Lafiya?"

Injiniya ta sunkuyar da kai. "Malama, in mutum ya gyara abu, sai gyaran ya zama ɓarna fa?"

"Wane abu ne? Faɗa mini duka."

Ta faɗa mata tun daga farko. Malama ta saurara har ƙarshe.

"Kin tambayi babanki kafin ki buɗe?"

"A'a."

"Wannan kuskure ne, kuma kowa yana kuskure. Amma ki duba. Kakanki yana can yana zaton hannunsa ya mutu. Ke kaɗai kika san ba haka ba ne. Duk ranar da kika yi shiru, hannun yana ƙara sandarewa."

"Baba zai yi faɗa, Malama."

"Zai iya yi. Faɗa yana wucewa. Hannun kakanki kuwa ba zai jira ki ba."

Da aka tashi, Injiniya ba ta wuce gida ba. Ta biya shagon Baba. Ta same shi a tsakanin matattun talabijin, ya duƙufa a kan wata rediyo. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta faɗi komai cikin kuka.

Baba bai yi tsawa ba. Ya cire tabarau, ya murza idanunsa.

"Na gaji da yawa, ba ni da ƙarfin faɗa," ya ce. "Kin san sifirin mai ƙarfi ne a ciki da farko? Ni na cire shi da hannuna. Na sha wuya kafin na samo mai laushin nan. Kan katakon ma ni na sassaƙa, don yatsunsa su iya riƙewa. Ina tsohon sifirin?"

"Na jefa a shara. Motar shara ta tafi da shi."

Baba ya rufe ido na ɗan lokaci. Sannan ya jawo wani gwangwani daga ƙarƙashin tebur. Cike yake da tarkacen ƙarafa.

"Ɗauki wannan. Amma kafin mu taɓa akwatin, za ki fara zuwa wurin kakanki. Da bakinki za ki gaya masa."

A gida, ta sami Kaka a kwance yana kallon rufi. Ta durƙusa kusa da gadon.

"Kaka, ba hannunka ba ne. Ni ce na canza sifirin ɗin cikin sandar. Na sa mai tauri. Na ga kana fama, na ji tsoro na yi shiru. Ka yafe mini."

Kaka ya tashi zaune. "Sake faɗa in ji."

Ta sake faɗa.

"Wato hannuna bai koma baya ba?"

"Bai koma ba, Kaka."

Ya zaro hannun daga aljihu, ya juya shi gaba da baya. Idanunsa suka kawo ruwa.

"Ja'irar yarinya," ya ce. "Kin kusa sa in yi ritaya karo na biyu. To, me kuke jira? A buɗe gareji!"

Aka zazzage gwangwanin a kan tebur. Baba ya zauna a gefe, ya naɗe hannu.

"Ke kika kwance, ke za ki ɗaura," ya ce. "Ni nawa nuni ne kawai."

Aikin ba daɗi. Sai ta buɗe murfi, ta cire ɗan rabin zoben, ta sa sifirin, ta mayar. Kaka ya gwada.

"Wannan ya yi tauri."

Ta sake kwancewa. Ta sa na cikin wata tsohuwar tocila.

"Wannan kuma raggo ne. Sandar ko tashi ba ta yi."

Wani ya yi faɗi. Wani ya yi tsawo. Ɗan rabin zoben ya yi ta tsalle, tana bin sa da rarrafe. Yatsunta suka yi ja, bayanta ya ƙage. Mama ta kawo ruwa, ta tsaya tana kallo tana hamma.

"Baba, na gaji," in ji Injiniya.

"Na sani. Haka ni ma na gaji a wancan karon. Ci gaba."

A can ƙasan tarkacen ta ga wani siriri, na cikin tsohuwar na'urar buga takardu. Baba ya matsa shi da yatsu biyu, ya ɗan ɓata fuska. Ya sa filaya ya rage masa tsawo. Injiniya ta ɗaura, ta rufe, ta kunna wasa.

Kaka ya ɗora hannu. Zaman da hannun ya yi a aljihu ya sa ya yi tsami. Turin farko bai yi ba. Ya ja numfashi, ya sake turawa. Sandar ta kwanta, motar ta sha kwana lafiya lau.

"Ku ba ni hanya!" Kaka ya daka wa motocin talabijin tsawa. "Direba ya dawo!"

Baba ya matso yana kallon hannun. A karon farko a ranar, ya yi murmushi.

"Wannan fa ya ɗan fi na da ƙarfi," ya ce wa Mama. "Da farkon ciwon nan ba zai iya tura shi ba. Hannun gaba yake yi."

Mama ta zauna a kujera ta rufe fuska da tafin hannu. Dariya take yi, hawaye suna zuba.

Da aka gama tseren, Kaka ya yafito Injiniya. Ta matso. Ya miƙa hannun hagu, ya kama kunnenta, ya ja.

"Wayyo, Kaka! Da zafi!"

"Da zafi?" in ji Kaka. "Da gaske kike?"

"Wallahi da zafi!"

"Madalla!" Ya saki kunnen, yana kallon yatsunsa cike da murna.

Injiniya ta riƙe kunnenta tana dariya. Ba a taɓa ja mata kunne ta ji daɗi irin na ranar ba.

Baba ya miƙa mata sukundireba. "Ban hana ki gyara ba," ya ce. "Kina da hannun aiki. Amma me kika koya?"

"Na koyi abu biyu, Baba. Kafin in canza abin wani, zan tambayi dalilin da ya sa aka yi shi haka. In kuma na yi kuskure, zan faɗa nan take, kafin shiruna ya cuci wani."

"To, kin biya," in ji Kaka. "Zo ki zauna mu yi tsere. Amma ki sani, ba na jin tausayin ƙananan direbobi."