Sunansa Yana Shafin Kotu

A bakin tagar karɓar takardun shari'a, a ƙaramar kotun yankinmu, Dorina ta fara ganin Horia. Ba wai ganin ya taɓa ta ba. A lokacin babu abin da yake taɓa ta. Tun da mota ta kaɗe yayanta Nelu yana dawowa daga gona, take cin abinci ba ta jin gishirinsa, ta je kantin maganin da take aiki ta dawo kamar wadda aka aika. Ko ranar jana'iza ba ta yi kuka ba, har mata suka riƙa zunɗen ta.

Abin da ta lura da shi kawai, saurayin da ke gabanta ya ɗaure ƙafar wandonsa da roba irin ta masu keke, kuma yana ƙanshin katako.

Ya juyo ya ce, "Wuce gaba, 'yammata. Tawa takardar ba guduwa za ta yi ba. Rigimar gado ce ko ta iyakar gona?"

"Hukuncin wanda ya kashe yayana. Ya sha ya tuƙa. Mamata ce ke son ta riƙe takardar a hannu, ta ce na cikin waya bai ishe ta ba."

Ta faɗa kamar mai karanta sunan magani. Shi ne fuskarsa ta sauya.

"To gara ki ji daga bakina," in ji shi. "Ni ma irin wannan laifin ne ya kawo ni. Na gama wa'adin da alƙali ya ɗora mini, shaidar na zo karɓa."

Dorina ta tsaya tana jiran haushi ya zo mata. Bai zo ba.

A bencin tasha, tana jiran bas yana riƙe da kekensa, ya ba ta labarin ba tare da ta tambaya ba.

"Bikin ɗan kawuna aka yi, aka ba ni gorar gayyata. Kin san yadda abin yake. Kowane gida ka miƙa gora, mai gida ya kurɓa alamar zai zo, sannan ya tsiyayo maka tsuika, barasar da ya dafa da kansa, wai ka ɗanɗana ka ji ta fi ta maƙwabcinsa ƙarfi. Ka ce a'a, ka zagi gidan. Kafin yamma na daki rijiyar bakin hanya da mota. Abokina da ke gefena har yau yana ɗingishi."

"Ba ka kashe kowa ba ke nan."

"Ban fi wancan da komai ba. Ni rijiya na tarar a gabana, shi ya tarar da yayanki."

Babu wanda ya taɓa gaya mata magana tsirara haka. Kowa sai "haƙuri" da "lokacinsa ne ya yi". Da bas ta iso, ta ce kantar da ke kantinsu ta karye, tunda shi kafinta ne ya karɓi lambarta.

Kantar dai an gyara ta a yini guda, amma saƙo bai tsaya ba.

"Barka da safiya, Malama Ƙanƙara. Yau kin yi dariya ko sai na biyo da keke?"

"Ban yi ba. Ka biyo."

"Dori tawa, an dawo mini da lasisi. Na jefa shi a aljihun tebur. Ni da kekena sai mutuwa, sai dai in ke kika raba mu."

Ba za ta ce tana son sa ba, don ta manta yadda ake jin hakan. Ta dai san in ta hango kekensa daga nesa, kafaɗunta suna sauka.

Matsalar tana gida. Tanti Zamfira, mahaifiyar Dorina, tun rasuwar Nelu ta gano cewa duk wanda aka gurfanar, sunansa yana nan a shafin kotu, kowa na iya dubawa a waya. Shi ke nan ta samu sana'a. Mai taraktar da zai yi mata huɗa, mai kawo iskar gas, har direban motar limamin coci, babu wanda ya tsira. Sai ta tura wa 'yarta waya ta ce, "Buga sunansa." Mutanen ƙauyenmu suna yi mata dariya a bayan ido, amma da yawansu sun daina bi ta ƙofarta da mota.

Ranar da Horia ya fara zuwa gaisuwa, ya sumbaci hannun tsohuwar, ya ƙi karɓar ko ɗigon tsuika, ya gyara mata ƙyauren kaji kafin ya tafi. Yana fita ta turo waya.

"Buga sunansa."

Dorina ta buga. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: tuƙi cikin maye, raunata mutum, ɗaurin talala. Ta kashe fuskar wayar.

"Babu komai, Mama."

"Kai, mun gode wa Ubangiji. Yaron yana da ladabi."

Ƙaryar ba ta ko sa gabanta ya faɗi ba.

Akwai kuma Gelu, ɗan mai kantin tsakiyar gari, wanda ya dawo daga ci-rani a Italiya da baƙar mota mai tsawo da tabbacin cewa kowace budurwa shi take jira. An buga sunansa tuntuni, fes yake. Da ya ga mai keke yana neman shan gabansa, sai ya shigo gidan wata Lahadi da kwalin alewa, ya zauna ya miƙa wa tsohuwar tasa wayar.

"Tanti, ni ba na son gulma. Karanta da idonki."

Dorina ta dawo daga aiki ta tarar da uwarta zaune a ƙarƙashin hoton Nelu, ba ta ko kunna murhu ba.

"Ya yaudare mu, 'yata. Ya shigo gidan nan, ya zauna a kujerar yayanki."

"Bai yaudari kowa ba, Mama. Tun ranar farko ya gaya mini. Ni na ɓoye miki."

Tanti Zamfira ta ɗago kai ta ce:

"Kin sani? Kin sani kika kawo mini shi? To ki ji. In kika aure shi, yara biyu na binne."

Dorina ta shiga ɗaki ta rubuta: "Mama ta gani. Kada ka ƙara zuwa. Ka yafe mini."

Amsa ta zo: "Tana da gaskiya, Dori. Abin da aka rubuta ɗin ni na aikata. Ba zan zo ba, amma ba inda za ni."

Ta ajiye wayar ta hau feraye dankali. Haka bazara ta wuce mata, ba daɗi ba ciwo. Gelu ya riƙa zuwa yana surutu a kan Italiya, ita kuwa tana jin sa kamar rediyon maƙwabta.

Ranar sadakar tunawa da Nelu, Gelu ne ya kai su maƙabarta a baƙar motarsa. Bayan addu'a aka shimfiɗa tebur a harabar coci, aka raba dafaffiyar alkama mai zuma, aka zagaya da kwalbar tsuika. Kowa ya ɗiga kaɗan a ƙasa don mamaci, ya ce Allah ya gafarta masa, ya shanye sauran. Gelu ya nemar wa Nelu gafara, ya sake nema, ya kuma nema, har fuskarsa ta yi ja. Sannan ya miƙe yana kaɗa makulli.

"Mu je, Tanti, in sauke ku."

"Ka sha fa."

"Haba, don Nelu na sha! Ta hanyar gona za mu bi, 'yan sanda ba sa zuwa can. Kin taɓa ganin sunana a shafin nan naki?"

Mutanen da ke teburin suka yi dariya. Tanti Zamfira ba ta yi ba. Ta gyara baƙin ɗankwalinta, ta kama hannun 'yarta.

"A ƙasa za mu tafi."

Hanyar ta bi da su ta kwanar da Nelu ya faɗi, inda suka kafa masa gicciyen katako a bakin titi. Tsohuwar ta jima ba ta iya bi ta wajen ba. Da ta bar shi, ruwan sama ya cinye shi ya karkace. Yanzu yana tsaye cak, an shafe shi da mai, an yi masa ɗan rufi kamar na gida, an sake sassaƙa sunan a hankali.

"Wa ya yi wannan?"

Dorina ta shafa bakin rufin. Irin sassaƙar kantar kantinsu ce.

"Kin san ko wane ne, Mama."

Suka wuce gida. Washegari tsohuwar ta turo wayar, amma wannan karon ba suna ta ce a buga ba.

"Ce masa in yana da magana, ya zo ya faɗa a gabana."

Ranar Asabar da hantsi ya zo, a ƙasa, cikin farar riga, rataye da gorar katako mai zanen furanni. Maƙwabta suka fito bakin shinge suna kallon ikon Allah. Wa ya taɓa ganin ango ya ɗauki gorar gayyata da kansa, tun ba a ba shi matar ba, kuma uwar amarya ya fara kawo wa?

Ya tsaya a ƙofa ya cire hula.

"Na sumbaci hannunki, Tanti. Ba zan iya goge sunana daga shafin nan ba, kuma ko zan iya ba zan goge ba. Dorina nake so. In kin kurɓa, in zagaya gari. In kin ƙi, in koma da ita gida, ba za ki ƙara ganina ba."

Dorina tana tsaye a bayan uwarta, hannunta duk gari. Ta ga tsohuwar ta karɓi gorar, ta cire murfin, ta daɗe riƙe da ita. Sai ta karkata ta, ta ɗiga wa Nelu rabonsa a ƙasa. Ta kai bakinta ta kurɓa, ta tsaya.

"Wannan ai ruwa ne."

"Ruwan rijiyar da na daka ne. Ni na sake gina ta. Shi zan kai kowane gida, wanda ya ji an zage shi ya zauna abinsa."

Tanti Zamfira ta sake kurɓa, wannan karon da yawa. Ta miƙa wa 'yarta gorar ba tare da ta juyo ba.

"Sha. Yayanki ya riga ya sha nasa."

Dorina ta kai gorar baki, ruwan ya sauka da sanyi, sai wani abu ya tsinke mata a ƙirji. Ta durƙusa a bakin ƙofar ta fashe da kuka, kukan da ba ta yi a maƙabarta ba, da na duk shekarun da suka biyo. Uwar ta rungume ta suna yi tare. Horia ya tsaya da hula a hannu bai san inda zai sa kansa ba.

"Kai kuma ka tsaya kamar turke," in ji tsohuwar tana share ido. "Ɗago matarka mana."

Da kaka aka ɗaura auren. Tsofaffin garin sun yi ta gunaguni a kan gorar ruwa, wani ma ya ce tun da aka haife shi ba a taɓa raina shi haka ba, amma duk sun zo. A ƙofar gidan biki Tanti Zamfira ta kafa kujera da tukunya a cinya. Duk mai mota sai ya jefa makullinsa a ciki kafin ya shiga, ba a kuma mayar wa kowa ba sai da gari ya waye. Gelu ma ya jefa nasa, yana ƙunƙuni.

Da aka kawo miyar biki, amarya ta kai cokali ɗaya ta yamutsa fuska.

"Horia, wa ya zuba gishirin nan haka?"

"Mamarki ce. Kullum haka take yi, Dori tawa. Yau kika ji?"

"Yau na ji."

Tanti Zamfira ta zo ta bayansu, ta ɗora hannu ɗaya a kan 'yarta, ɗaya a kan surukinta.

"Allah ya ba ku gida na dutse, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana. Duk wanda ya fita daga ƙofarku da safe, Allah ya dawo muku da shi da ƙafafunsa."

Duk teburin suka amsa da amin.