Kati Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Ƙarfe biyun rana rahoto ya iso ofishin 'yan sanda na Samaru, cewa an fasa shagon wayoyin wani Amaechi lokacin da ɗalibai ke zanga-zangar rashin ruwa a ɗakunan kwanansu. Insifekta Shekari ya ture kwanon shinkafarsa, ya miƙe yana tsaki.

Har ya isa, titin bai daina warin barkonon tsohuwa ba. Ko'ina ganyen darbejiya ne da ɗaliban suka zubar wajen gudu.

"Oga, ka gani?" in ji Amaechi. "Ɓarauniyar har sunanta ta bar mini."

Katin shaidar wata ɗaliba ne a kan kanta, an ajiye shi tsaf kamar kuɗin sadaka. Shekari ya juya bayan katin, ya ga guntun filasta an rubuta 14 da jan biro.

Kafin la'asar an kawo mai katin. Bibiana sunanta, 'yar aji ɗaya, ɗiyar wata tela a Jushi. Gobe kwamitin makaranta zai zauna, kuma duk sunan da 'yan sanda suka miƙa korarre ne. Tana zaune a benci, ƙafafunta duk sun yi bororo, ta rungume takalmi mai tsini.

"Wa ke zuwa zanga-zanga da takalmin coci?" Shekari ya tambaya.

"Ban taɓa zuwa ba, yallaɓai. An ce 'yan jarida za su zo."

"Yaya katinki ya shiga shagon mutane?"

"Ba ya hannuna tun safe. Japheth, sakataren ƙungiyarmu, ya karɓe na duk sababbi. Ya ce tsofaffin hannu ba sa fita da kati, don in an kama mutum da shi tasa ta ƙare. Ya manna wa kowanne lamba saboda sauƙin mayarwa. Da aka harba hayaƙi na faɗa rumfar mai ƙosai, ita ta ba ni albasa na shaƙa."

Aka kira Japheth. Ya shigo da jar hula a karkace, muryarsa ta dushe saboda ihu.

"Ban san ta ba," ya ce. "Mu ba ma karɓar katin kowa. Muna fafutukar talakawa ne, ɓatagari irinta ke ɓata mana suna."

Shekari ya dube shi sama da ƙasa. Ya sha ganin masu wannan baki, kuma mafi yawansu ko bokiti ɗaya ba su taɓa ɗebo wa wani ba. Ya sallame shi.

Washegari da sassafe ya tsaya bakin ƙofar makaranta yana tare 'yan aji ɗaya, yana cewa su nuna katinsu. Ya ga 12, ya ga 13, ya ga 15. Filasta iri ɗaya, jan biro iri ɗaya. Dukansu suka ce Japheth ne ya karɓa, kuma jiya da yamma ya mayar musu.

Yana nan tsaye Amaechi ya bugo waya. Wani ɗan'uwansa Obi, mai gyaran waya a kasuwar Sabon Gari, ya ce wani saurayi mai jar hula ya bar masa wayoyi shida a kwalayensu, zai dawo ƙarfe tara a yi ciniki.

Shekari ya riga shi isa. Obi ya jawo ƙullin daga ƙarƙashin tebur. Farin ƙyalle ne, da aka kwance shi sai ga manyan baƙaƙe: RUWA HAƘƘINMU NE. A cikin tutar zanga-zangar ya naɗe kayan sata. Shekari ya tofar da yawu a kwata.

Tara da 'yan mintuna Japheth ya shigo yana fito. Da ya ga wanda ke zaune a kan kujerar Obi, fiton ya tsaya.

A ofis bai wahalar da kowa ba. Ya ce da hayaƙi ya turnuƙe kowa ya watse, sai ya ga ƙofar shagon a karye rabi, ya ƙarasa ta.

"Kati talatin ne a jakarka jiya," in ji Shekari. "Me ya sa ka zaɓi nata?"

Japheth ya sunkuyar da kai. "Sauran akwai 'ya'yan malamai, akwai na soja. Ita na san babu mai zuwa mata."

"Ka ba ni ƙyama," Shekari ya ce. "Kofur, tafi da shi."

Aka wuce da shi da ankwa ta gaban bencin. Bibiana ba ta ko ɗaga ido ba. Shekari ya miƙa mata katinta, ya ce sunanta ba zai je gaban kwamiti ba. Ta sa farce ta ɓare filastar a hankali.

"Yallaɓai," ta ce, "ni fa da gaske na fita. Kwana tara rabona da cikakken bokiti. Ko ka ji an kawo ruwan?"

Shekari ya dube ta. Tun jiya ake ta magana a ofishin nan, ita kaɗai ce ta tambayi ruwa.