A Je Da Kaka

A Fagge aka yi wata yarinya 'yar aji biyar. Tana da wayo, kuma ta san tana da shi.

A shekarar kuɗin mai ya cika gari. Kowa na sayen abin da bai taɓa saya ba. Babanta, Alhaji Hadi, mai atamfa a Kantin Kwari, ya sayi Fijo fara, sabuwa fil.

A gidan akwai kakanta, Malam Maje, mahaifin Alhaji. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana zuba wa inji gawayi. Ya ratsa daji ba adadi, amma bai taɓa ganin giwa ba. Kashinta kawai ya taɓa gani a gefen layin dogo.

Yanzu idanunsa sun fara dushewa. Likitan ido a Sabon Gari ya ce ba irin ciwon da ake yi wa aiki ba ne. Gani zai yi ta raguwa har ya ƙare.

Ranar da aka kawo motar, Alhaji ya durƙusa gabansa.

"Baba, ga mota. Faɗi inda kake so in kai ka."

"Giwa nake so in gani, tun ina iya gani."

"Ai ga gidan zu nan kusa."

"Ban ce ka kai ni gaida ɗan fursuna ba. Giwa a dajinta nake so."

Yarinyar ta tuntsire da dariya. "Tsoho, in ta biyo ka, da wace ƙafar za ka gudu?"

"Ke zan tura mata, amarya. Ta fara da mai tsoka."

"Giwa ba ta cin nama!"

"To, a kanki za ta koya."

Alhaji bai san komai game da daji ba. Ya ce wa 'yarsa, "Gobe ki tambayo mana malaminku na labarin ƙasa. Wane daji za mu je, kuma yaushe?"

Washegari da aka tashi tara, ta sami Malam Abdulmuminu, ta gaishe shi, ta isar da saƙo.

Malam ya ce, "Kowane daji da lokacinsa. Mai son tsuntsaye ya nufi fadamun Nguru lokacin sanyi. Mai son giwa kuwa, sai gandun daji na ƙasar Bauchi, da bazara. Lokacin ciyawa ta ƙone, tafkuna sun ƙafe. Ƙishirwa za ta koro kowace dabba bakin kogi. Hutun Ista da ke tafe ya yi muku daidai."

Yarinyar ta ɓata fuska. A hutun Ista ne za a yi bikin yayar ƙawarta Felicia, a Sabon Gari. An ce za a kawo masu kiɗan badujala da kek mai hawa-hawa. Har an ɗinka mata leshi.

"Malam, ai zafin zai dami kakana."

"Ku riƙe ruwa da yawa. Amma ku je da kaka, kada a bar shi a gida. Ai don shi ake tafiyar."

A hanyar gida, wajen Bata, maganar ta yi ta yawo a kanta. Ku je da kaka. Kaka tsoho, kaka lokacin girbi. Kalma ɗaya ce. Ta yi murmushi, ta ƙara sauri.

Bayan la'asar ta tarar da su a zaure.

"Baba, Malam ya ce dajin Bauchi. Ya ce a je da kaka."

"Da kaka? Sai an yanke gero ke nan. Da sauran watanni."

Malam Maje ya juyo da fuskarsa wajenta. "Amarya, haka ya ce? Ni na san da kaka ciyawa ta fi mutum tsawo."

"Wallahi haka ya faɗa, da bakinsa."

"Baba, Malam ya karanta abin nan," in ji Alhaji. "Mu bi maganarsa."

Tsohon ya bar maganar. Ba mutum ba ne mai roƙo.

Yarinyar ta shige ciki tana jin daɗi. A ganinta ba ta yi ƙarya ba. Ba ta ƙara ko harafi a maganar Malam ba. Ragewa kawai ta yi.

Ista ta zo, ta je biki. Aka yi kiɗa, aka sha lemo. Sabon takalmi ya matse ta har ya fasa mata dunduniya. Kek ɗin da aka ba ta bai kai tafin hannu ba. Kafin magariba an watse. Bikin ke nan.

Damina ta sauka. Wata safiya ta ga kakanta yana zuba shayi a gefen kofi. Wata rana ya yi tuntuɓe da buta a tsakar gida, da rana tsaka. Daga baya sai ta yi magana yake gane ita ce.

Ta gani, ta yi shiru. Ta ce a ranta ai giwa babba ce, ko yaya zai gan ta.

Da aka fara girbi, hutun ƙaramar Sallah ya zo. Suka cika Fijo da guzuri suka kama hanyar Bauchi. Malam Maje ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya sha kwalli.

A bakin gandun aka haɗa su da ɗan rakiya. Suka shiga daji. Ciyawa ta dama, ciyawa ta hagu, ta rufe motar har sama. Suka yi ta zagaye tun safe. Gwaggon biri kawai suka gani, sai wani gyado da ya gifta a guje.

Can Alhaji ya yi ihu. "Ga wani abu can! Baba, duba!"

"Ina?"

"Can, gindin bishiya!"

"Wace bishiya?"

Ɗan rakiya ya ce suri ne.

Malam Maje ya jingina da kujera. "Hadi, mu koma. Ko ta zo ta tsaya gabana yanzu, duhu zan gani."

Ɗan rakiya ya girgiza kai. "Alhaji, wa ya ce ku zo da kaka? Yanzu ruwa ko'ina, sun bazu cikin daji. Da bazara kuka zo, da sai kun tsaya sun ba ku hanya."

Alhaji ya damƙe sitiyari har jijiyoyin hannunsa suka fito. Yarinyar ta lafe a baya. Har suka iso Kano ba ta ci komai ba.

Ranar da aka koma makaranta, Alhaji ya riƙo hannunta har ƙofar aji.

"Malam! In ba ka san abu ba, ka ce ba ka sani ba! Ka sa mun jira kaka, tsohona ya makance bai ga abin da yake so ba!"

'Yan aji suka yi cirko-cirko. Felicia ta rufe baki da hannu.

Malam Abdulmuminu bai ɗaga murya ba. Ya dubi yarinyar.

"Me na ce miki ranar nan?"

Ta dubi ƙasa.

"Ka ce... a je da bazara. A hutun Ista."

"Sai me?"

"Ka ce a je da kaka, kada a bar shi a gida."

"Me kika faɗa wa babanki?"

Ta fashe da kuka. "Na ƙarshen kawai. Biki nake son zuwa."

Alhaji ya saki hannunta. Ya cire hularsa a gaban yara, abin da bai taɓa yi ba.

"Malam, ka yafe mini. Na ci mutuncinka a banza."

A gida ta jira bulala. Ba wanda ya taɓa ta. Alhaji ya ce, "Je ki faɗa masa da bakinki."

Ta durƙusa gaban tabarmar kakanta ta faɗa masa komai. Ya juyo da fuskarsa wajenta.

"Bikin ya yi daɗi?"

Ta sunkuyar da kai.

"An ba ki kek?"

"Kaka, ka yafe mini."

"Na yafe. Amma yafiya ba ta buɗe ido. Tashi ki ba ni wuri."

Da bulalar aka yi mata, da ta fi sauƙi.

Daga ranar ita ke zuba masa shayi. Ita ke kawar da buta daga hanya. Ita ke riƙe sandarsa zuwa ƙofar masallaci. Ba ya korar ta, amma ya daina yi mata wasa.

Sanyi ya wuce, zafi ya dawo. Wata rana ta sami babanta.

"Baba, bazara ta yi. Mu koma dajin."

Malam Maje ya ji daga zaure. "Me makaho zai je yi?"

"Ni zan gani maka, kaka. Zan faɗa maka duka."

"Duka?"

"Duka. Ba zan rage komai ba."

Suka koma. Wannan karon daji ya ƙone ƙurmus, ana hango nesa. Ɗan rakiya ya tsayar da su kusa da kogi, ya ce kowa ya yi shiru.

Tsohon ne ya fara ɗaga kai. "Ina jin ana karya itace."

"Su ne, kaka! Ga su nan!" in ji yarinyar. "Ta gaban ta fi zauren gidanmu tsawo. Fatarta kamar busasshen taɓo, duk ta tsattsage. Haurenta ɗaya ya gutsure."

"Kunnen fa?"

"Kamar faifai. A'a, ya fi. Kamar tabarmarka. Tana fifita da shi."

Giwar ta zuƙi ruwa ta watsa a bayanta. Warinta ya cika motar. Sai ta yi wata ƙara da ta girgiza gilashi.

Malam Maje ya dafe ƙirji. "Allahu akbar! Ko jirgin Legas bai kai wannan ba. Sai me?"

"Akwai 'yar ƙarama. Ta zame cikin taɓo, ta faɗi da gindi. Uwar na tura ta da hanci."

Ya yi dariya har da tari. Rabon da a ji dariyarsa tun kafin Sallah. Ya laluba ya kamo hannunta.

"Ci gaba, 'yar nan. Ina gani."

Ta ci gaba har muryarta ta dushe, har giwa ta ƙarshe ta shige daji.

Idanun Malam Maje ba su dawo ba, amma ya koma Fagge da fara'a, yana ba tsofaffin layi labarin giwa mai gutsurarren haure.

To yara, in an aike ku da magana, ku kai ta duka. Wanda ya yanke rabin saƙo don son ransa ya yi ƙarya, ko da kowace kalma da ya faɗa gaskiya ce.