Karan Awo

Yaya Mudi, tun da aka kai ka makwancinka tabarmar ƙofar gida ba ta sake cika ba. Yara kan zo bayan isha'i su zauna suna kallon bakina, wai ni ne babba yanzu. Ni kuwa ban iya ba da labari ba. Kai ne ka san inda ake rage murya, ka san inda ake yin shiru har ƙaramin cikinsu ya ƙanƙame ƙafarka. Amma ga wani labari ya faɗo hannuna, kuma na abokinka Nafi'u ne. Saurara. A hankali zan faɗa.

Ka san shagonku na bakin tasha, inda kuke haɗa akwatunan gilashi na masu sayar da cincin da soyayyen nama. Bayan rasuwarka Nafi'u bai daina kwana a ciki ba. Katifarka na nan jingine da bango. Ya kasa shimfiɗa ta, ya kasa bayar da ita. Shiru ya yi masa yawa. Sai ya ce zai ajiye wani abu mai rai, wanda ba ya kuka, ba ya tambaya, ba ya ce masa ya yi haƙuri.

A waya ya ga ana kiwon ƙaramar mesa, irin wadda ba ta da dafi, in ta tsorata sai ta dunƙule kamar curin fura ta ɓoye kai a tsakiya. Ya samo lambar wani mutum a Minna da ke ƙyanƙyashe su a gidansa. Mutumin ya ce masa:

"Malam Nafi'u, fara yi mata ɗaki tukuna. Tsawonsa ya kai ta miƙe sambal, kai da wutsiya, har da rara. Ka sa mata fasasshiyar tukunya ta ɓuya, da kwanon ruwa. In ƙwan wajena suka fashe zan kira ka. Wadda ta tashi a hannu ita ake riƙewa. Ta daji tana da inda ta baro."

Nafi'u ya ce to. Amma wanda kewa ke ci bai san jira ba.

Ranar kasuwa, can gefen masu sayar da saiwoyi, ya tarar da wani Jatau mai buhu. Jatau ya kwance bakin buhun yana washe haƙora. A ciki irin mesar nan ce, a dunƙule.

"Taɓa ka ji, maigida. Salihar baiwar Allah. Ko amarya ba ta kai ta kunya ba."

Nafi'u ya ɗaga ta. Sanyi, nauyi, santsi. Bai tambayi komai ba, ya rungumo ta zuwa shago.

Ɗakin da aka ce ya yi, ko katakonsa bai yanka ba. Akwai dai wani ƙaramin akwatin gilashi da mai cincin ta ƙi karɓa, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Ya goge shi, ya huda murfin, ya sa ta ciki. Ta cika shi kamar malmalar tuwo a ƙaramin kwano. Zuciyarsa ta ɗan sosu, sai ya ce da ƙarfi, shi kaɗai a shago:

"Ai dunƙulewa take yi. Me za ta yi da fili?"

Ba ta ci ba. Ya kamo ɓera ya saka mata, ɓeran ya hau bayanta ya zauna yana wanke fuska. Ko kanta ba ta fitar ba. In ya kai ido jikin gilashin, numfashi kawai yake gani, sama, ƙasa.

Sai ga wata baƙuwa. Ba da dare ta zo ba, Yaya. Da rana tsaka ne, lokacin da inuwar mutum ke shigewa ƙarƙashin ƙafarsa. Tasha ta yi tsit. Injin mai walda ya mutu. Ko kaza ba ta motsi. Nafi'u na yankan gilashi sai ya ga hasken ƙofa ya ragu.

Tsohuwa ce, 'yar siririya, zanenta na jan ƙasa. A hannunta karan dawa.

"Sannu da aiki, ɗana."

Muryar kamar iska mai bi ta tsagin ƙofa.

"Yauwa, Iya. Sannu da rana. Me za a haɗa?"

"Akwati."

Ta miƙo karan. An yanke shi tsaf, kai da gindi. Nafi'u ya san irin wannan yanka. Shi ne ya auna ka da kara ranar nan, Yaya. Shi ya kai wa masu haƙa kabari, ya ce su ƙara taƙi guda kada a matse ka. Sai dai wannan karan gajere ne ƙwarai.

"Na cincin ne, Iya?"

"Na mutum."

"Jariri?"

"Kamar kai. Tsayinku ɗaya."

Ya yi wata busasshiyar dariya. "Haba Iya. Wannan ko ƙafata ba zai ɗauka ba."

"Zai dunƙule," in ji ta. "Me zai yi da fili?"

A nan ya lura tun shigowarta ba ta ƙifta ido ba. Ko sau ɗaya. Kuma ba shi take kallo ba, akwatin da ke bayansa take kallo.

"A ina ka samo ta?"

"A kasuwa."

"Kasuwa ba ta haihuwa, ɗana. A ina?"

"Ban tambaya ba."

"Ba ka tambaya ba." Ta gyaɗa kai a hankali. "Da ka auna abokinka, ka ƙara masa taƙi. Wanda ba zai sake juyi ba ka yi wa rara. Mai numfashi kuwa..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta ɗora masa kan karan a ƙeya, sau ɗaya, kamar mai korar ƙuda. Ta jingine shi bakin ƙofa ta fita. Da ya leƙa waje, babu kowa. A kan yashin ƙofa babu sawu. Layi ne guda, mai faɗi, ya ja ya sha kwana.

Washegari ya farka gwiwoyinsa na taɓa haɓarsa. Da ƙyar ya warware. A masallaci ya yi ruku'u, liman ya ɗago, sahu ya ɗago, shi bai ɗago ba. Bayansa ya ƙi miƙewa. Haka ya ƙarasa salla a duƙe, haka ya fito yana kallon takalman mutane.

Kullum sai ya ƙara lanƙwasa. Karan na nan bakin ƙofa, ya kasa taɓa shi. Duk safiya yakan saci kallonsa, ya ga tazarar da ta rage tsakanin tsawonsa da na karan tana ƙarewa. Ya gane in ya kai tsawon karan nan, to an gama awo.

Abin da ya fi ci masa rai ba ciwon ba ne. Tausayin mutane ne. Mata na aiko masa da kunu. Dattawan tasha na dafa kafaɗarsa suna cewa, "Allah sarki, mutuwar Mudi ce ta karya yaron nan. Amana ke nan." Har Inna ta yi kuka ta ce ba ta san ana son ɗanta haka ba. Shi kuwa ya rufe akwatin da tsumma, yana amsa addu'ar da ba tasa ba.

Kasuwa ta zagayo. Ya rarrafa har wurin Jatau.

"A ina ka haƙo ta?"

"Kai, maigida! Wa ya naɗe ka haka kamar tabarma?"

"Don girman Allah, Jatau. A ina?"

Jatau ya dube shi da kyau, dariyar ta gudu daga fuskarsa. Ya rage murya.

"Bayan Tungar Maƙeri. Ka bi hanyar shanu har ka ga ɗorawa mai rassa biyu. Akwai tsohon suri a gindinta. Kada ka ce ni na faɗa. Kuma ni ba zan raka ka ba."

Mai babur ya sauke shi a bakin tunga ya juya. Sauran tafiyar da ƙafa ya yi, in za a kira wannan tafiya. Buhu a ƙirji, fuska kusa da ƙasa, ba ya ganin komai sai kashin shanu da ƙaya. Rana ta take. Can ya ji wani abu na ja a cikin busasshiyar ciyawa, daidai da shi. In ya tsaya, abin ya tsaya. In ya motsa, ya motsa. Bai waiwaya ba. Ko ya so, wuyan ba zai yarda ba.

Surin na nan, an fasa masa ciki da fartanya. Da yake a duƙe yake, shi ya fara ganin abin da mai tsayuwa ba zai gani ba. A ƙasan ramin akwai ƙwai. Manne da juna, sun motse, sun yi baƙi-baƙi. Kiyashi na shiga suna fita.

Kwanci take yi, Yaya. A kan ƙwanta aka ɗauke ta. Duk kwanakin nan da take dunƙule a gilashi, ba tsoro kaɗai ba ne. Abin da babu shi take rungume.

Ya kwance buhun. Ta daɗe ba ta motsa ba. Sannan kai ya fito, harshe ya ɗanɗani iska. Ta fara warwarewa. Tana fita, tana fita, kamar ba za ta ƙare ba. Ranar ya fara ganin tsawonta. Ta ninka akwatin nan har da saura.

Ya zaci daji za ta shige. Sai ta gangara cikin ramin. Ta zagaye matattun ƙwan a hankali, ta tattaro su, ta naɗe su, ta ɗora kai a sama.

A bayansa, dab da kunne, muryar nan ta ce:

"Miƙe."

Bayansa ya yi ƙas, ƙas, kamar ana karya kara. Ya miƙe sambal. Ya ce da ni bai taɓa jin kunyar tsayinsa ba sai ranar. Ya tsaya a kan ramin, dogo, lafiyayye, yana neman kalmar ban haƙuri, babu wadda ta kai. Ya juya ya taho, bai gudu ba, bai waiwaya ba.

Yanzu gari na cewa addu'a ce ta karɓu. Shekaranjiya Nafi'u ya kira ni bayan shago ya faɗa mini, idonsa a ƙasa. Ya ce in hana yaranmu bin hanyar shanun nan su kaɗai, balle da rana tsaka. Ya ce duk abin da za su ɗauko mai rai, su tambayi inda ya baro. Na ce to.

Yara na waje suna jira, ina jin su. Inna kuma ta dama masa kunu, ta ce in kai. Ban faɗa wa kowa ba tukuna.