Ƙwaryar da Aka Ɗora wa Jatau

A makarantar mishan an koya mana cewa dutse ya fi auduga nauyi ne domin abin da ke cikinsa a matse yake. Na zo hutu da wannan ilimi ina taƙama. Yaya Tunau, ɗan baffana, ya bari sai da aka kashe fitila, muna kwance ni da sauran yaran gida, sannan ya ce, "To, Bature, gashin kai fa? Ku matso."

Jatau wanzami ne, in ji shi, gwani amma malalaci. Kowane wanzami yakan binne gashin da ya aske, da jinin da ya zuƙo da ƙaho. Shi kuwa sai ya watsar a gindin wata tsamiya.

Ran nan da tsakar rana, hanya ba kowa, ya tarar da wata tsohuwa a wurin, da 'yar ƙwarya rufe da faifai.

"Ɗan nan, aza mini."

Ba a ƙin aza wa tsohuwa kaya. Ya sa hannu ɗaya. Ƙwarya ba ta motsa ba. Ya sa biyu. Ƙugunsa ya yi ƙara.

"Iya, dutsen niƙa ne a ciki?"

"Buɗe."

Wari ya buge shi. Gashi ne curi-curi, jiƙe da baƙin jini, tsutsa na yawo. Ga furfura, ga sumar jarirai. Da ya sunkuya, sai ya ga ƙafafunta. Kofato ne.

"Kullum a ƙofar ɗakina kake zubarwa," in ji ta, murya kamar daga cikin rijiya. "Kowane sili da ciwon mai shi a ciki. Ƙasa kaɗai ke iya ɗauka. Ko ita, ko wuyanka."

Ta ɗaga da yatsa biyu ta ɗora masa a ka.

Wuyansa ya soma nutsewa. Ruwan ƙwaryar na bin kunnensa. A durƙushe ya tona rami da aska, da ta karye ya ci gaba da farce, ya karkata kai ya juye. Ƙwarya ta koma sakayau. Tsohuwa babu ita.

Ya tsira da wuyansa. Amma daga ranar, duk askar da ya ɗauka sai ta rinjayi hannunsa kamar gatari. Bai ƙara aski ba.

"Kada wanda ya bi ta tsamiyar nan shi kaɗai," in ji Yaya Tunau. "In an ce aza mini, ka dubi ƙasa tukuna."

Duk waɗanda muka saurara tare sun riga ni gidan gaskiya. Har yau in an yi mini aski, nakan tattara furfurata a tsumma, in zaga bayan ɗaki da fartanya.