Gangar Lantana a Bikin Meziko

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

A wata makaranta can da, aka shirya bikin al'adun ƙasar Meziko. Malama ta ba Dije jan buje mai faɗi domin ta yi rawa a gaba. Lantana kuwa, wadda ta fi kowa son bujen, aka miƙa mata ganga.

"Ni ganga, ita buje?" in ji Lantana a ranta. "Sai na kayar da ita a gaban jama'a."

Ranar biki, Dije ta kama gefen buje ta fara juyi. Lantana ta ƙara saurin kiɗa, Dije ta ƙara saurin rawa. Ta sake ƙarawa, Dije ma ta ƙara. Buje na ta buɗewa kamar fukafukai, iyaye mata sai guɗa suke yi. Can hannun Lantana ya gaji, kiɗa ya tsaya.

Dije ta rugo tana haki, ta rungume ta. "Ƙawata, ban taɓa rawa irin ta yau ba! Baɗi ma ke za ki kaɗa mini."

Lantana ta dubi tafin hannunta da ya yi jawur.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, tatsuniya ta koma gida.