Mai Lilo Cikin Ampilin Ila

Rana ta yi ja a bayan Tanut lokacin da Hamza mai gyaran radiyo ya sake kwance ampilin Ila a tsakar gida. Awaki sun shigo. Matarsa Jummai tana gindin murhu, ƴarsu Samira, yarinya ƴar shekara tara, tana tsugune tana kallon hannunsa.

Ampilin, wato na'urar ƙara sautin gita, irin na da ne, mai ƙwayayen gilashi da ke yin ja idan sun ɗau zafi. Ila mai gita ne ya kawo shi, yana da wasan biki a Gangara. Komai nasa lafiya lau, sai maɓallin amsa-kuwwa, wanda ke sa sautin gita ya fito kamar daga cikin rijiya. Da an murɗa shi sai wata ƙara ta taso, ƙiii, ƙiii, tana tafiya tana dawowa. Hamza ya canza ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya, ya goge bakin wayoyi, ya sauya wurin da yake jona kuran, wato wutar lantarki. Ƙara tana nan daram. Shi kuwa mutum ne mai ji da kunnensa, radiyo na yin tari zai gaya maka ciwonta tun ba a buɗe ba. Abin ya tsaya masa a rai.

Saura wuri ɗaya. A ƙasan ampilin akwai wani dogon akwatin ƙarfe, a cikinsa murɗaɗɗun wayoyi biyu a rataye, rawarsu ce ke haifar da amsa-kuwwar. Ya kashe ampilin, ya buɗe akwatin. Babu iska, babu wanda ya taɓa, amma wayoyin suna ta lilo su kaɗai.

"Baba, akwai yaro a ciki," in ji Samira, murya ƙasa-ƙasa. "Lilo yake yi. Ka bari ya sauka."

"Ke, tafi can! Ina aiki kina cika mini kunne."

Ladan ya ɗaga murya, magariba ta yi. Kowa a garin nan ya san ba a zubar da abu mai zafi a wannan lokaci sai da bisimilla. Hamza ma ya sani, wallahi ya sani. Haushi ne kawai ya rufe masa ido. Ya ɗaga ƙarfen liƙi, dalma ta narke a bakinsa, ya ɗiga ta a mahaɗar wayoyin, bai ce uffan ba. Wani siririn kuka ya fito daga ampilin da ke kashe, ya katse. Wayoyin suka tsaya cak.

Daidai nan Jummai ta miƙa wa Samira tukunya. "Je ki zubar da ruwan nan bayan ɗaki." Yarinya ta tafi, shiru ba ta dawo ba. Da uwar ta bi sawu sai ta same ta tsaye, fuska a jikin bango.

"Samira, me kike yi?"

"Kike yi… yi… yi…" in ji Samira, muryar tana nisa tana nisa har ta ɓace.

Daga ranar gidan bai ƙara ganin magariba lafiya ba. Da duhu ya fara sauka sai duwatsu su dinga faɗowa kan kwano, ɗaya, a jira, sannan wani. A leƙa waje, ba kowa. Samira tana ci idan an ba ta, tana kwanciya idan an kwantar da ita, amma ba ta da magana tata ko ɗaya. Wutsiyar maganar mutane kawai take mayar musu.

Jummai ta rame ta lalace. "Ni ce," take ta faɗa. "Ruwan nan da sauran ɗuminsa. Ni na aike ta." Maƙwabta suka taya ta, ana shigowa jaje ana yi mata faɗa a fakaice. Hamza yana zaune yana ji. Sau nawa magana ta zo masa har baki ya haɗiye! Tuwo ya daina wuce masa. Ranar da Ila ya zo ya gwada ampilinsa, sauti ya fito garau, ya ce, "Malam Hamza, duk Damergu babu mai kunnenka." Hamza ya zaga bayan ɗaki ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, ya share ido, ya dawo ya ci gaba da shirunsa. Tir da wannan shiru.

Aka je Ollelewa aka ɗauko Malam Ilyasu, wani tsoho da ya san kan irin wannan ciwo. Ya iso rana na faɗuwa. Ya yi salla, ya sa aka zaunar da yarinya kan tabarma, ya dafa kanta ya fara karatu. Duwatsu suka zubo kan kwano kamar ƙanƙara. Bai ɗaga kai ba. Can sai suka ɗauke, gidan ya yi tsit, ko akuya ba ta motsi.

"Wane ne a jikin baiwar Allahn nan?" in ji Malam.

Wannan karon ba a mayar masa da maganarsa ba. Muryar wata babbar mace ce ta fito daga bakin Samira, a dishe. "Uwa ce."

"Me ta yi miki? Ruwan da ta zubar ne?"

"Ruwa? Ruwan bai taɓa kowa ba. Tambayi mai dalma."

Jummai ta juyo a hankali ta dubi mijinta. Hamza ya durƙushe.

"Ni ne, Malam. Ni na ɗiga dalma ana kiran salla, ban yi bisimilla ba. Jummai, ba ke ba ce. Tun ranar na sani."

Jummai ta kau da kai. Da ma ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

"Ɗana ya ji gita a wani biki," in ji muryar, "ya biyo sauti, ya sami wurin lilo. Wa ya cuta? A baki dalmar ta same shi. Tun ranar bai ce mini Inna ba. Muryar yarinyar nan zan kai masa."

"Ki ji tsoron Allah," in ji Malam Ilyasu. "Zalunci haramun ne, gare mu da gare ku. Yarinyar nan da hannunta a ciki?"



"Babu," in ji muryar. "Ita ce ma ta ce a bari ya sauka. Na ji ta. Shi ne bai ji ba."

"To sake ta. Ɗanki kuwa zan roƙa masa sauƙi wurin Mai sauƙi, ban yi miki alkawarin abin da ba nawa ba."

"In tafi hannu wofi?"

"Ki ɗauka a jikina!" Hamza ya yi ihu. "Duk abin da kike so, ki bar mini ƴata!"

"Kul!" Malam ya daka masa tsawa. "Ba a yi musu tayi!"

Amma magana ta riga ta fita.

"Na karɓa," in ji muryar. "Kaɗan zan ɗauka, abin da dama ba ya amfani da shi."

Samira ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin uwarta. Malam ya tofa mata addu'a, ya shafa mata ruwa a fuska. Bayan ɗan lokaci ta buɗe ido. Ta dubi uwarta, ta dubi ubanta, leɓɓanta suka motsa. Jummai ta fashe da kuka tana hamdala.

Hamza ya ji kukan Jummai. Ya ji tasbahar Malam, ya ji gyare a gindin danga, har radiyon wani gida can nesa ya ji, ya kuma gane batirinta ya yi sanyi. Ya matso, ya kai kunnensa dab da bakin ƴarsa. Leɓɓan suka sake motsawa. Bai ji komai ba.

"Jummai," ya ce, "me ta ce?"

Jummai ta dube shi.

"Da kai take. Cewa ta yi, Baba, yaron ya sauka?"

Har yau Hamza yana gyara a Tanut, kunnensa na nan garau ga kowa da komai. Amma da Samira ta shigo sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya tsura wa bakinta ido.